Marurun da Ya Hana Tela Zama

Tela mutum ne da zama ya zame masa sana'a. Tun yana saurayi yake kan kujera ɗaya a bayan keken ɗinki, wata kujerar katako mai gajeren baya da ta lotsa daidai da jikinsa, har matarsa kan ce in aka ɗora wani a kanta sai ta tofar da shi. Shagonsa ɗan ƙarami ne, an matse shi tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran agogo. In ka shiga, teburin yanka ne a hagu, da almakashi da alli da tef a kansa, a dama kuma yadukan mutane ne jibge har kusa da rufi. Ƙasan kullum cike yake da ƙyallaye da guntayen zare, ko an share da safe kafin azahar sun dawo.

Abin ya faro ne lokacin da makarantu ke shirin komawa, aiki ya yi masa rubdugu. Yana cikin taka keke sai ya ji kamar ya zauna a kan maɓalli. Har ya tashi ya shafa kujerar, ya kakkaɓe wandonsa, bai ga komai ba. Ya koma ya zauna, maɓallin na nan. Ya karkata jikinsa gefe guda ya ci gaba da aiki.

Kafin a kwana biyu maɓallin ya zama garwashi. Wurin ya yi tauri, ya ɗau zafi, yana zugi kamar an dasa masa wata zuciyar a gefen dubura, tana bugawa ba hutu. Tari ma sai ya shirya kafin ya yi shi. Shiga bayan gida kuwa ya zama abin da yake jin fargabansa tun daga bakin ƙofa.

Ya ce a ransa basir ne, don shi ne sunan da ya sani. Duk abin da ya sami mutum a wannan yanki, basir ake ce masa a huta. Ya je kemis can nesa da layinsu, ya jira har mutane suka ragu, sannan ya faɗi kalmar ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar kayan sata. Aka ba shi kafso da man shafawa. Ya sha, ya shafa. Kamar ya ɗan lafa, sai kuma ya dawo da ƙarfinsa.

Da zama ya gagara, sai Tela ya koma yanka. Yanka a tsaye ake yi, ba wanda zai yi mamaki. Ya yanka kayan wannan, ya yanka na wancan, har da waɗanda ba a yi alkawarinsu da wuri ba. Teburin ya cika da hannayen riga da ƙafafun wando, keken kuwa shiru.

Mai agogo ne ya fara lura. Shi dattijo ne siriri mai yawan barkwanci, idonsa ɗaya ya saba da gilashin duba ƙananan ƙarafa har ya fi ɗayan ƙanƙancewa. Shekara da shekaru suna shan shayin safe tare a kan bencin da ke tsakanin shagunansu. Matarsa ta rasu da jimawa, yana zaune da ɗansa da surukarsa. Tela ne ke yi masa ɗinki, kuma ɗinkinsa ba ya canzawa: wando baƙi ko ruwan toka mai duhu, a ninka masa yadi biyu a mazauni. Da farko ya ce kujerarsa ce ke cin wando. Tela bai taɓa sake tambaya ba.

"Mutumina," in ji Mai agogo da safen nan, yana leƙowa da kofi a hannu, "keken naka yaji ya yi? Tun shekaranjiya ban ji muryarsa ba."

"Yanka nake tarawa."

"To zo ka sha shayi."

"Miƙo min nan."

"A tsaye? Kai da ko gaisuwa ba ka amsawa sai ka zauna?"

Tela ya yi dariyar yaƙe, ya karɓi kofin. Mai agogo ya dube shi da ƙaramin idon nan nasa, sannan ya koma shagonsa.

A gida ma ba a bar shi ba. Matarsa mace ce marar yawan magana, amma ba abin da ke wuce ta. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, saura su biyu a gidan, suna zaman mutunci irin na waɗanda suka daɗe tare har hira ta koma sannu da zuwa, ga abinci, a kashe fitila. Ta ga ya ci abinci a tsaye jingine da bango. Ta ga ya kwanta rubda ciki, shi da bai taɓa barci sai a rigingine ba.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Baya ne ke damuna."

"Baya ai yana da faɗi. Ina ne a ciki?"

"Ke dai bari. Gajiya ce."

"In murza maka?"

"A'a!" Ya faɗa da ƙarfin da bai yi niyya ba. Ta tsaya da hannunta a sama, sannan ta janye shi a hankali ta fita. Ya ji ba daɗi, amma ya kasa kiranta. Ya rasa da wane baki zai faɗa. Shi da ya yi rayuwarsa yana zagaya tef a ƙugun mutane, ya san wanda ya yi teɓa da wanda ya rame, ya san mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ga shi yau ya kasa nuna wa matar da ta haifa masa 'ya'ya wani ɗan wuri a jikinsa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Washegari da rana tsaka wata mata ta zo karɓar kayan 'ya'yanta, ta tarar da su a yanke ba a haɗa ba. Ta faɗi abin da ta faɗa, ta ce za ta dawo da yamma. Tela ya ciji leɓe, ya ninka wani tsohon bargo ya ɗora a kujera, ya ce yau ko me za a yi sai ya ɗinka. Ya sauke jikinsa a hankali. Yana taɓa bargon wani abu ya tsarga masa tun daga ƙasa har ƙwaƙwalwa. Bai san ya yi ƙara ba sai da ya ji muryarsa ta dawo masa daga bango. Ya miƙe ya rungumi teburin yanka, almakashi ya faɗi. Ga rana tana dukan kwano, shi kuwa haƙoransa na haɗuwa don sanyi.

Mai agogo ya shigo, ya jawo ƙofar shagon ya rage ta kaɗan. Ya taɓa goshin abokinsa, ya girgiza kai.

"Gefe ɗaya ne ya kumbura?"

Tela ya ɗago ya dube shi.

"Yana zugi ko ka zauna ko ka tsaya? Ya yi tauri, da zafi kamar dutsen guga?"

"Wa ya gaya maka?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Mai agogo ya zauna a kan kujerar da ta gagari mai ita, ya cire gilashin daga goshinsa yana juya shi a hannu. Duk barkwancin ya bar fuskarsa. "Wannan ba basir ba ne, mutumina. Maruru ne. Ni ma na yi shi, tun maman yara na da rai. Na ɓoye kamar yadda kake ɓoyewa, har ya fashe da kansa. Ranar na ji kamar an sauke min dutse, na ce shi ke nan na warke. Ashe ƙofa ya buɗe. Tun daga nan wurin bai taɓa bushewa ba. Ya toshe, ya kumbura, ya fashe, ya yi ta tsiyaya, sai kuma a koma farko. Kujerata ba ta cin wando."

Tela ya tuna wandunan da ya ɗinka wa mutumin nan, ɗaya bayan ɗaya, yana ninka yadi yana tsokanarsa da cewa ya sayi matashi ya huta. Ya tuna yadda yakan tashi daga benci ya ɗan juya baya ga bango kafin ya wuce. Duk tsawon wannan zama, hira ba irin wadda ba su yi ba, ta siyasa, ta 'ya'ya, ta mutuwa, amma ban da wannan.

"Me ya hana ka zuwa asibiti?"

"Abin da ya hana ka. Amma ni ban yi zazzaɓi irin wannan ba. Rufe shagon nan mu tafi."

"Matar nan za ta dawo da yamma."

"Ta dawo ta tarar da kai a miƙe a ƙasa? Ba ni wayarka in kira gida."

A bayan tasi Tela ya kwanta a gefensa ya naɗe ƙafafu, duk ramin da motar ta faɗa sai ya ji shi a ransa. Matarsa ta riga su isa, tana tsaye a bakin ƙofar asibitin da mayafinta a karkace, alamar a gurguje ta fito. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta karɓi hularsa da ke neman faɗuwa ta riƙe.

Zauren jira ya cika da mutane. Tela ya jingina da bango. Wata budurwa ta ga furfurarsa ta tashi da sauri.

"Baba, ga wuri."

"Na gode, 'yata, zauna abinki."

Can wani magidanci ma ya matsa ya ce, "Baba, bismillah." Kafin a kira shi sai da ya ƙi kujera a hannun kusan kowa a layin, har wata tsohuwa ta ce wannan bawan Allah akwai tawali'u. Mai agogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Likitar da aka shigar da shi wurinta mace ce, ba za ta girmi autarsa ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi abin da ke tafe da shi. Ya fara kewaye-kewaye, ya ce baya, ya ce ƙasa da baya, ya ce wajen mazauni. Ta bar shi ya gama, sannan ta riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya, da murya irin ta mai tambayar hanya: yaushe ya fara, yana zubar da jini ko ruwa, yana iya fitsari, yana yawan jin ƙishirwa. Yadda ta faɗi kalmar dubura ba tare da ta sauke murya ba, kamar ta ce gwiwa ko kunne, sai ya ji wani abu ya ɗan saki a ƙirjinsa.

"Baba, sai na duba wurin. In ka fi son likita namiji, akwai, amma yana ɗakin tiyata, sai an jima zai fito. Ni dai da za ka yarda, ba na son wannan zazzaɓin ya ƙara jira."

Tela ya dubi labulen da ke gefen gado, ya dubi nas ɗin da ke tsaye, wani ƙato mai sanƙo da ke sa safar hannu.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi, muryarsa a dushe. "Duba, 'yata."

Aka kwantar da shi a gefen hagu, aka rufe shi da zane sai wurin da ake bukata. Ya ƙura wa bango ido, inda fenti ya ɓare ya yi kamar hannun riga. Abin da ya kwana yana tsoro bai kai shan kofin shayi ba aka gama.

Da ya gyara wandonsa, ta ce a shigo da matarsa in ya amince. Ya ce a shigo da ita.

"Maruru ne," in ji likitar. "A cikin dubura akwai wasu 'yan ƙananan ramuka da ke fitar da danshi. In ɗaya ya toshe, ƙwayoyin cuta sai su taru a ciki, su yi mugunya. Mugunyar ba ta da hanyar fita, shi ya sa take zugi. Ba rashin tsabta ba ne, ba kuma wani laifi ka yi ba. Yana samun kowa."

"Na sha kafso," in ji Tela.

"Kafso ba ya iya shiga cikin jakar mugunya ya kwashe ta. Sai an tsaga an fitar. In aka bar shi, ko ya fashe ta inda ya ga dama, ko ya bi ta cikin nama ya bazu, wannan kuwa yana iya kai mutum ga halaka. Sannan jinin da aka ɗiba ya nuna suganka ya hau sosai. Ka san kana da shi?"

"Ni? A'a."

"To shi ma yana taimaka wa irin wannan ciwo. Za mu yi aikin yau, mu riƙe ka mu ga zazzaɓin ya sauka, mu fara maganin sugan."

Matarsa ta ce, "Likita, aikin babba ne?"

"Ƙarami ne, Mama. Barci zai yi ya farka."

Haka kuwa aka yi. Abin da Tela ya fara lura da shi da ya farfaɗo shi ne shiru. Zuciyar nan ta biyu ta daina bugawa. Akwai raɗaɗin yanka, amma wannan ciwo ne mai hankali, wanda mutum ya san farkonsa da ƙarshensa. Ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Da safe likitar ta zo zagaye, nas ya canza masa auduga. A nan ne ya ji cewa ba a rufe wurin ba.

"Wai kin yanka ba ki ɗinke ba?" Ya ɗago kai daga matashi. "'Yata, ni tela ne. In na yi wa mutum haka sai ya kai ni ƙara."

Ta yi dariya har ta dafa ƙarfen gado. "Baba, in na ɗinke bakin, na kulle sauran ƙazantar a ciki, marurun ya dawo. A buɗe ake barinsa, ya riƙa tsanewa, naman ya ciko daga ƙasa har ya haɗe da kansa. Zai ɗau makonni. Naka aikin shi ne zama a ruwan ɗumi safe da rana da yamma, da duk lokacin da ka yi bayan gida. A busar da wurin da kyau, a sa auduga mai tsabta. Ka sha ruwa sosai, ka ci ganye da 'ya'yan itace, kada cikinka ya ɗaure har ka yi yunƙuri. In zazzaɓi ya dawo, ko wurin ya sake kumbura, ko fitsari ya ƙi fita, kada ka jira ranar da na ba ka."

"Shi ke nan ya tafi?"

"Sau da yawa shi ke nan. Amma wasu, bayan ya warke, sai a ga wata 'yar hanya ta rage daga ciki zuwa fata, tana tsiyaya. In hakan ta faru, ita ma akwai aikinta. Shi ya sa nake so ka dawo in gani."

Ranar da suka koma gida, matarsa ta sayo sabon baho mai faɗi. Da safe ta dafa ruwa ta surka, ta gwada da gwiwar hannunta kamar za ta yi wa jariri wanka, ta kai masa banɗaki. Zaman ruwan ya yi shi kaɗai. Amma sa auduga ya gagara, don wurin ba inda ido ke kaiwa ba ne. Ya yi ta fama, audugar na faɗuwa, filasta na manne masa a yatsa. Ya daɗe a ciki har ta ƙwanƙwasa.

"Malam, fito ka kwanta in sa maka."

"Zan iya."

"Ba za ka iya ba. Nas ya nuna min."

Ya fito yana kallon ƙasa, ya kwanta a gefensa ya juya wa ƙofa baya. Ya ji ta wanke hannu, ya ji ta buɗe ledar auduga. Hannunta na da sanyi.

"Da muni?" ya tambaya.

"Ciwo ne. Ja ne, mai tsabta, kamar yadda aka ce zai kasance." Ta danna filasta a hankali. "Ni da na haifa maka yara, wane ne bai gan ni ba a ɗakin haihuwa? Har da ɗalibai aka tara a kaina a haihuwar auta. Ga ni ban mutu ba."

"Ba ki taɓa gaya min ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba." Ta ja masa zane ta rufe shi, amma ba ta tashi daga bakin gadon ba. "Ka san abin da ya fi min ciwo? Da aka kira ni, muryar Mai agogo na ji. Shi ya riga ni sani. Ina kwana a gefenka, kana nishi, ina jin ka, ka ce min gajiya ce."

Tela ya miƙa hannu ta baya, ya laluba har ya sami nata.

"Kunya ce," in ji shi.

"Na sani. Ita ce ta kusa mayar da ni gwauruwa."

Tun daga ranar, wannan ɗan lokaci na sa auduga ya zama lokacin hirarsu. Wataƙila don ba ya kallon fuskarta ne, maganar ta fi sauƙin fita. Ta gaya masa gwiwarta ta daɗe tana damunta in za ta hau matakala. Ya gaya mata idonsa ya fara gaza zura zare a allura, sai ya yi ta lalube in ba kowa a shagon. Ta riƙa ba shi labarin ciwon kamar mai ba da labarin shuka: yau ya rage zurfi, yau bakin ya matso. Shayinsa ya koma ba suga, ya yi ta mita, ta yi kamar ba ta ji ba.

Da ya koma shago, wasu sun kwashe yadukansu sun kai wani wuri, ciki har da matar nan mai kayan makaranta. Bai ji haushinsu ba. Ya ɗora matashi mai laushi a kujerar, ya koyi tashi yana miƙe ƙafa bayan kowane ɗinki. Mai fenti ya tambaye shi abin da ya kwantar da shi. Ya buɗe baki zai ce baya, sai ya ji kansa ya ce, "Maruru ne ya fito min a dubura, aka tsaga." Mai fenti ya yi tari, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya shige shagonsa da sauri. Bayan kwana biyu kuma ya dawo yana tambaya a kaikaice, wai ta yaya ake bambanta shi da basir.

Ranar da Tela ya koma asibiti, likitar ta duba ta ce wurin ya cike sarai, ba alamar wata hanya. Ya yi godiya, ya kai bakin ƙofa, ya dawo.

"'Yata, akwai wani abokina."

Ta ɗaga gira tana murmushi. "Baba, duk wanda ya shigo ɗakin nan da abokinsa yake zuwa."

"Wannan na gaske ne. Shi ya kawo ni." Ya ba ta labarin Mai agogo, bai rage komai ba. Ta saurara har ya gama, ta ce ga alama hanyar nan ce da ta faɗa masa, kuma ba ta rufewa da kanta, amma daɗewa ba ta hana a yi magani. Ta ce ya kawo shi.

Kawo shi ɗin ne ya zama aiki. Mai agogo da ya iya tura abokinsa asibiti, da aka zo kansa sai ya noƙe.

"Ni na saba da abina," in ji shi a kan benci. "Kuma an ce in aka taɓa wurin, mutum ba ya ƙara iya riƙe bayan gida. Gara yoyon da na sani."

"Na tambayi likitar wannan. Ta ce shi ya sa ba sa yanka kai tsaye in hanyar ta ratsa naman da ke riƙewa. Wani zare mai laushi suke zurawa a ciki, ya riƙa tsane ruwan, wurin ya huce, sannan su san yadda za su rufe ta ba tare da sun ɓata komai ba."

"Zare? Wato ku teloli kun haɗa baki."

"Ka je dai a duba. Dubawa ba yanka ba ce."

"Sai na yi tunani."

Tunanin ya ɗau lokaci. Tela bai matsa masa ba, bai kuma bari maganar ta mutu ba. Wani lokaci ya tayar da ita, wani lokaci su sha shayinsu su yi hirar duniya. Ya lura abokin nasa ya rage barkwanci. Wata safiya ya tarar da shi tsaye a bakin shago, bai buɗe ba, yana sanye da rigarsa ta fita unguwa.

"Jiya na gaya wa yaron nan," in ji Mai agogo, yana nufin ɗansa. "Na zaci zai ji nauyi. Sai ya hau ni da faɗa kamar shi ya haife ni. Wai matarsa ta daɗe da gani a wanki, ta rasa yadda za ta yi min magana." Ya shafa fuskarsa. "Ya ce zai bar aiki ya kai ni. Na ce ya yi zamansa, ina da ɗan rakiya."

Tela ya mayar da makullin shagonsa aljihu.

Na Mai agogo bai zo da sauƙi irin na Tela ba. Hanyar ta daɗe, ta yi reshe. Sai da aka yi hoto, aka sa zaren, ya yi watanni da shi yana zuwa ana dubawa, sannan aka yi aiki na biyu. Akwai ranakun da ya yi da-na-sani a fili, ya ce Tela ne ya jawo masa. Tela ya ce ya ji, ya ɗauka. Duk ranar komawa asibiti tare suke tafiya, har nas mai sanƙo ya riƙa ce musu tagwaye.

A zuwansu na ƙarshe Mai agogo ya daɗe a ciki. Tela na zaune a zauren jira, yana kallon wani magidanci da ya jingina da bango yana zufa, an ba shi wuri ya ƙi. Yana tunanin ko ya je ya yi masa magana, sai ƙofa ta buɗe. Mai agogo ya fito yana gyara hula, ya zo ya zauna a gefensa.

"Yaya?" in ji Tela.

"Ta ce ya rufe." Ya ɗan jima yana kallon tafin hannunsa. "Da maman yara na nan, da ta ji daɗi. Ita ta sha wankin."

Sannan Mai agogo ya dafa gwiwar abokinsa ya miƙe.

"Tashi mu tafi. Akwai agogon wani da na yi wa alkawari yau."